A Ba 'Yan Matan Dutse Fili

Cikin shekarar 1991 abubuwa biyu suka faru waɗanda ba safai akan haɗa su cikin zance ɗaya ba. Ran 27 ga watan Agusta aka yanke Jihar Jigawa daga jikin Kano, aka sa hedkwatarta a Dutse. Cikin watan Nuwamba kuwa aka yi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta mata, karo na farko, a ƙasar Sin, kuma duk faɗin Afirka 'yan matan Nijeriya kaɗai suka tafi. Watau dai Jigawa da wannan gasa tsara ne, shekara ɗaya aka haife su. Daga 1991 zuwa 2023 an yi gasar sau 9, ba kuwa wadda aka yi ba da Nijeriya ba. Kofin Afirka kuma sau 10 'yan matan nan suka ɗauko shi, na goman cikin 2025. To, amma a tare mutumin Dutse, ko na Kiyawa, ko na Birnin Kudu, a ce ya kira sunan 'yar Jigawa guda ɗaya da ta taɓa sa koriyar rigar nan, sai a ga yana sosa ƙeya.

Ruwa ba ya tsami banza. Allah bai halicci 'yan matan ƙasar Dutse da gajerun ƙafafu ko ƙaramin numfashi ba. Abin da ya faru shi ne an hana su fili. Iyaye sun hana don gudun abin faɗa, hukuma kuwa ta kau da kai don ba wanda ya matsa mata. Hanin nan kuskure ne, kuma akwai hasara cikinsa ga yaran da iyayen da jihar baki ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a dubi rayuwar mace ɗaya wadda aka haifa a Arewa ta yi sana'ar nan har ta ci abinci da ita, sa'an nan a ɗauko hujjojin masu hani ɗaya ɗaya a auna su.

Aikin 'yar tsakiya

Kafin a shiga labarinta ya kamata mai karatu ya san irin aikin da take yi. Wasan tamaula, watau ƙwallon ƙafa, mutum 11 ke yinsa a kowane gefe, har tsawon minti 90, da ɗan hutu a tsakani. Akwai mai tsaron gida, wadda ita kaɗai aka yardar wa ta kama ƙwallo da hannu. Gabanta akwai 'yan baya masu tare hari, can gaba kuma akwai masu zura ƙwallo a raga. Tsakanin waɗannan da waɗancan sai 'yan tsakiya, yawanci su uku ko huɗu, kuma kusan duk ƙwallon da zai tashi daga baya ya isa gaba sai ya bi ta ƙafarsu.

Cikin 'yan tsakiyar nan akwai wadda takan tsaya dab da 'yan baya. Aikinta shi ne ta ƙwace ƙwallo daga abokan karawa tun bai iso gida ba, ta miƙa shi ga wadda ta fi dacewa cikin 'yan'uwanta. Tilas ne kafin ƙwallo ya iso ƙafarta ta riga ta waiwaya ta san inda kowa yake tsaye, gama in ta tsaya tunani bayan ya iso, an ƙwace. A babban wasa irin wannan 'yar wasa takan yi gudun kusan kilomita 10, watau fiye da mil 6, wani a guje, wani da sassarfa. Ba safai takan ci ba, saboda haka ba ita ake yawan ɗauka hoto ba. Matsayinta kamar na matar nan ne da ke bakin murhu ran biki, wadda kowane akushi sai ya bi ta hannunta, maroƙa ba su san sunanta ba, amma ran da ta kwanta ciwo kowa zai san ba ta nan. Aiki ne na hankali da haƙuri da juriya, kuma duk wanda ya san matan ƙasar Hausa ya san ba su rasa ko ɗaya cikin ukun nan ba.

Labarin Halimatu

An haifi Halimatu Ibrahim Ayinde a Kaduna ran 16 ga watan Mayu 1995. Daga Dutse zuwa garin nan tafiyar mota ba ta cika yini ba. Da ƙafarta ta nuna, sai ya zama dole ta bar gida, gama manyan ƙungiyoyin mata da suka yi suna yawancinsu a kudu suke, kamar Rivers Angels ta Fatakwal, da Pelican Stars ta Kalaba, da Bayelsa Queens, da Delta Queens. Mafi kusa da Arewa cikin masu suna ita ce Nasarawa Amazons ta Lafiya. Halimatu ta buga wa Delta Queens.

Cikin 2014 tana cikin 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 20 da suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Kanada, inda Jamus ta ci su ɗaya da nema bayan ƙarin lokaci. Cikin shekarar nan kuma ta bi babbar ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Super Falcons, zuwa Namibiya, suka ɗauko kofin Afirka. Cikin 2015 ta buga babban kofin duniya a Kanada tana da shekara 20, kana wata ƙungiya ta Amurka mai suna Western New York Flash ta ɗauke ta.

Kada mai karatu ya zaci daga nan sai daɗi. Zaman Amurka bai ɗore ba, cikin 2016 aka sallame ta. Ta tafi birnin Minsk na ƙasar Belarus, ƙasar sanyi, mai harshen da ba ta ji. Cikin 2018 ta sauka Suwidin, a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Asarum wadda ko cikin rukuni na farko ba ta. Wadda ta buga kofin duniya ta yarda ta koma ƙasa ta sāke hawowa. Cikin 2019 ta koma Eskilstuna a rukuni na farko, cikin 2022 kuma Rosengård ta birnin Malmö ta ɗauke ta, ƙungiyar da ta ci kofin ƙasar Suwidin a 2022 da 2024. Duk cikin shekarun nan tana amsa kiran ƙasarta: kofin Afirka a Gana cikin 2018, wanda suka ci, da kofin duniya a Faransa cikin 2019.

Ta kuma ɗanɗana ɗacin sana'ar. Ran 18 ga watan Yuli 2022, a birnin Rabat, Nijeriya ta kara da Maroko a wasan kusa da na ƙarshe, gaban 'yan kallo 45,562. Jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci aka ba Halimatu jan kati, watau aka kore ta daga fili saboda ƙeta, daga baya aka kori Rasheedat Ajibade. Sauran tara suka daure har aka tashi ɗaya da ɗaya, Maroko ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Horon katin nan ya bi ta har kofin duniya na 2023 a Ostareliya, ya hana ta wasan farko. Da ta dawo, Nijeriya ta ci masu masauki 3 da 2, ta kuma riƙe Ingila minti 120 ba ci kafin a fitar da ita a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Cikin 2024, da Nijeriya ta sami komawa wasannin Olamfik bayan shekara 16, raunin gwiwa ya hana Halimatu zuwa Faris. Ta yi jinya, ta warke, ta dawo. Ran 26 ga watan Yuli 2025, a Rabat ɗin nan dai, Maroko ta fara cin biyu, Nijeriya ta farke ta ƙara, aka tashi 3 da 2, Halimatu ta ɗaga kofi a garin da aka kore ta daga fili shekara uku da suka wuce.

Wani zai ce ai sunan Ayinde na Yarbawa ne, saboda haka labarin bai shafi Hausawa ba. Sunan kam na Yarbawa ne, amma mai faɗin haka ya kafa hujja a kan kansa bai sani ba. Yarinyar nan ƙurar Kaduna ta shaƙa, ranar Kaduna ta dake ta, kamar dubban 'ya'yan Hausawa da Filani da aka haifa tare da ita cikin garin. In ita ta kai inda ta kai su kuwa ba a ji ɗuriyarsu ba, to, bambancin yana wajen wanda ya sami hanya da wanda aka toshe wa.

Hujjar ƙarfin jiki

Hujja ta farko da masu hani kan kawo ita ce wai jikin mace bai dace da gudu ba, wai yana hana haihuwa. Abin mamaki, mai faɗin haka da safe ya wuce 'yarsa tana surfe, ta gama ta yi daka, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Ya kuma gamu da Bafilatana ɗauke da ƙwaryar nono tun daga ruga har cikin Dutse, ta koma da yamma a ƙasa. Duk wannan bai ce ya fi ƙarfin mace ba, sai gudun minti 90 bisa fili mai laushi. 'Yan matan ƙasar nan kuma tun kaka da kakanni suna gaɗa a dandali, da tsalle da faɗawa da cafewa, ba a taɓa jin gaɗa ta hana wata haihuwa ba.

Likitoci ma akasin haka suke cewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17, namiji ko mace, ya sami motsa jiki na minti 60 kowace rana. 'Yan wasa da yawa sun yi aure sun haihu sun koma fili, har ya kai hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, ta kafa doka daga 2021 cewa 'yar wasa mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14 da biyu bisa uku na albashinta. Ba a yi wa abin da ba ya faruwa doka.

Wannan zance na raunin mace ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. A Ingila, ran 26 ga watan Disamba 1920, mutum 53,000 suka taru kallon wasan mata a birnin Liverpool. Shekara na zagayowa, cikin 1921, hukumar ƙwallo ta Ingila ta hana mata filayenta, wai wasan bai dace da su ba, ba ta kuwa janye hanin ba sai 1971. Barazil ma ta hana da doka daga 1941 zuwa 1979. Ƙasashen nan biyu sun yi hasarar shekaru masu yawa kan zato, daga baya suka dawo suna gyara, har matan Ingila suka ci kofin Turai a 2022 da 2025. Wanda ya ga ramin da na gaba ya faɗa, ba shi da uzuri in ya bi shi ciki.

Hujjar sutura

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba ta cancanci a yi mata ba'a ba. Uba Musulmi ya dubi talabijin ya ga mata da gajeren wando da kai a buɗe gaban dubban maza, ya ce 'yarsa ba za ta yi haka ba. Gaskiyarsa. Irin wannan damuwa ce ta sa hukumar Jihar Zamfara ta hana ƙwallon mata cikin 2000. Yanke hukuncin shari'a aikin malamai ne, su ke da shi. Amma kowa ya saurari abin da ake kuka da shi zai ji abu biyu ne, bayyana tsiraici da cakuɗa da maza. Gudun kansa ba a ce haram ne ba, gama an ruwaito cikin littafin Abu Dawuda cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa a karo na farko, shi kuma ya tsere mata a wani karo daga baya.

To, in matsalar sutura ce da cakuɗa, ai tela da magini sun isa su warware ta. Dokar wasan ba ta tilasta wa kowa buɗe kai ba. Gaskiya ne an hana rufe kai a fili cikin 2007, amma an janye hanin nan sarai cikin 2014. Ran 30 ga watan Yuli 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga wasan kofin duniya da kanta a rufe, da dogon hannu da dogon wando, ƙasarta kuma ta ci Koriya ta Kudu a ranar. Maroko kuwa ƙasar Musulmi ce, Malikawa kamar mutanen ƙasar Hausa, can ne birnin Fas inda kabarin Shehu Tijjani yake. Ƙasar Saudiyya, inda alhazan Jigawa ke zuwa kowace shekara, ta kafa babbar gasar ƙwallon mata cikin 2022, har 'yan wasan Nijeriya suka tafi can aiki: Ashleigh Plumptre ta tafi Al-Ittihad ta Jidda cikin 2023, Asisat Oshoala kuma, wadda aka zaɓa gwanar Afirka sau 6, ta tafi Al-Hilal ta Riyad cikin 2025. Da wuya a ce Dutse ta fi ƙasashen nan biyu sanin abin da ya dace da 'ya Musulma.

Ba kuma sai an je nesa neman misali ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu cikin 1864, da ta ga mata na ƙauyuka suna bukatar ilmi, kuma bai dace maza su shiga musu ba, ba ta ce a bar su cikin duhu ba. Sai ta naɗa jajis, mata dattijai, suna zuwa suna koyar da 'yan'uwansu mata. Dabarar nan ta mace ta koyar da mace a wurin da ya keɓanta tana nan, ba ta tsufa ba, kuma ta isa ta ɗauki ƙwallo kamar yadda ta ɗauki karatu.

Hujjar mutunci

Hujja ta uku ita ce wai ƙwallo yana zubar da mutuncin yarinya, ya sa ta rasa miji. A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. A je kasuwar Shuwarin ran da take ci, ko tashar mota a Dutse, a ƙirga 'yan mata 'yan shekara goma zuwa goma sha huɗu da ke yawo da farantin talla a ka, tsakanin direbobi da 'yan kamasho da baƙin da ba wanda ya san daga inda suka fito, wasu har bayan magariba. Ba malama a wurin, ba katanga, ba mai tsawatawa. Wannan an saba da shi, ba a kiransa abin kunya. Amma a ce yarinyar nan ta sa dogon wando ta yi gudu cikin makarantar 'yan mata mai katanga, gaban malamarta, sai a ce duniya ta lalace. Duk mai adalci ya san wanne cikin wuraren nan biyu ya fi hatsari ga mutuncin 'ya mace. Wanda ya yarda da faranti ya ƙi fili, lalle ba mutunci yake karewa ba, sabo yake karewa, da 'yan kuɗin da farantin ke kawowa.

An taɓa yin irin wannan kuka game da makarantar boko. An ce yarinyar da ta shiga za ta lalace, ba mai aurenta. Yau ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, 'yan mata suna shiga suna fita da mutuncinsu. Magidancin da kakansa ya ɓoye 'ya'yansa mata cikin rumbu don kada a ɗauke su makaranta, shi ne yau in ya kai matarsa asibiti yake roƙon a haɗa ta da likita mace. Da duk iyaye sun bi ra'ayin kakan nan, da ba likitar da zai roƙa.

Hujjar cewa ba sana'a ba ce

Hujja ta huɗu ita ce wai ƙwallo wasa ne, ba ya ciyar da kowa. Ga waɗanda suka kai ƙoli, lissafi ya ƙaryata wannan. A kofin duniya na 2023 FIFA ta yanke wa kowace 'yar wasa ta ƙasar da ta kai zagaye na biyu dala 60,000, Nijeriya kuwa ta kai. Bayan kofin Afirka na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da kyautar kimanin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da gida mai ɗaki uku, da lambar girma ta ƙasa. Wasu kuma ƙwallo ya buɗe musu ƙofar ilmi, kamar Deborah Abiodun, ita ma 'yar tsakiya, wadda ta tashi daga Rivers Angels ta tafi Jami'ar Pittsburgh a Amurka cikin 2023.

Amma cikin hujjar nan akwai gaskiya, ba kuwa za a ɓoye ta ba. Sana'ar gajera ce, kaɗan ne ke wuce shekara 35 suna bugawa. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun mata bisa ga maza, tana kuma iya zaunar da 'yar wasa kusan shekara guda. Haƙƙi ma ba kullum yake fita da sauƙi ba. Cikin Disamba 2016, bayan sun ciwo kofin Afirka a Kamaru, 'yan wasan Nijeriya sun ƙi fita daga masaukinsu a Abuja, har suka yi tattaki zuwa majalisa, don ba a biya su ladansu ba, kuma cikin 2019 aka sāke irin haka a Faransa. Akwai kuma 'yan damfara masu kiran kansu dillalan 'yan wasa, su karɓi kuɗin iyaye da alkawarin kai yaro Turai, su ɓace. Bayan duk wannan, cikin ɗaruruwan da za su fara, ƙalilan ne za su kai inda Halimatu ta kai.

Sai dai duk waɗannan dalilai ne na sa ido da tsari. Hani ba ya maganin ko ɗaya cikinsu, har ma ƙara su yake yi. Yarinyar da Allah ya ba baiwa, in an toshe mata hanya a gida, ko dai baiwar ta mutu, ko kuwa ta sulale ta tafi garin da ba ta da kowa, ta faɗa hannun wanda ya ga dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wadda kuwa ta koyi wasa cikin makarantarta, da karatunta a hannu, ko ba ta zama Halimatu ba ta sami lafiyar jiki, ta koyi aiki da jama'a, tana kuma iya zama malamar motsa jiki, ko mai horarwa, ko alƙaliyar wasa, ko mai jinyar 'yan wasa. Waɗannan duk ayyuka ne na albashi, kuma makarantun 'yan mata na jihar suna bukatar mata masu yinsu.

Rabon hukuma cikin laifin

Ba iyaye kaɗai ke da laifi ba. Jigawa tana da ƙungiyar maza, Jigawa Golden Stars, wadda ta taɓa bugawa a babbar gasar ƙasa. Gidajen kallo a Dutse sukan cika maƙil da samari ran da Arsenal ko Barcelona ke wasa, ba wanda ya ce ɓata lokaci ne har a rufe su. In 'yan matan Nijeriya suka ciwo kofi, manya sukan aika da saƙon taya murna, a karanta a rediyo. Amma yabon 'yar wani ba shi da tsada. Wanda ya tafa wa Halimatu a talabijin, sa'an nan ya ƙi sayen ƙwallo ɗaya don makarantar 'yan matan garinsu, ya nuna yana son girbi, shuka ce ba ya so. Darasin motsa jiki yana cikin tsarin karatun firamare da ƙaramar sakandare na ƙasar nan, ga yara maza da mata duka. Saboda haka abin da ake nema a wurin hukuma bai wuce ta cika abin da ta riga ta rubuta da hannunta ba.

Abin da ya kamata a yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙwallo kuwa ba a fara koyonsa da shekara ashirin. Saboda haka a makaranta za a fara. Kowace sakandaren 'yan mata mai katanga a ba ta fili sharare, da turaku, da raga, da ƙwallaye, abin da kuɗinsa bai kai na walimar rana ɗaya ba. Masu koyarwa su zama mata. A zaɓi malamai mata masu sha'awa a tura su horo, ko a Jami'ar Bayero ta Kano inda ake koyar da ilmin motsa jiki, ko a makarantar horar da masu koyar da wasanni ta ƙasa da ke Ikko. Tufafin wasa kuwa a yanke shi da shawarar malamai da iyaye mata, dogon wando da riga mai dogon hannu da abin rufe kai wanda ba ya zamewa, a ba telolin Dutse su ɗinka, su ma su sami na cefane.

Sa'an nan a kafa gasa sau ɗaya a shekara tsakanin makarantun 'yan mata na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun da Miga da Buji da Gwaram. A yi ta da rana a gama kafin magariba, 'yan kallo su zama mata da iyayen yaran. Kada a sa yarinya sai da yardar waliyyinta a rubuce, kada kuma a bar wadda ta faɗi jarrabawa ta buga sai ta gyara karatunta, don kowa ya san ƙwallo bawan littafi ne a wurin. Duk wanda ya zo da zancen ɗaukar yarinya zuwa wata ƙungiya, sai ya bi ta hannun hukumar makaranta da iyaye, ya nuna takardar shaidarsa, a karanta yarjejeniyar a fassara ta da Hausa kafin kowa ya sa hannu. In sarakuna da hakimai da limamai suka ga tsarin da idonsu, gani ya kori ji, kuma uban da ya ga 'yar hakimi cikin fili ba zai ƙara jin tsoron abin faɗa ba.

Ba a ce kowace yarinya sai ta buga ƙwallo ba, ba a kuwa ce a tilasta wa uban da bai yarda ba. Abin da ake roƙo shi ne wadda take so, iyayenta kuma suka amince, ta sami wuri mai tsari cikin jiharta, kada sai ta ƙetare Kwara ko Binuwai kafin a san tana da ƙafa. Dutse garin dabino ne, mutanenta sun fi kowa sanin cewa wanda ya dasa dabino yakan jira shekaru kafin ya ci, wani ma 'ya'yansa ke ci. Jihar ta riga ta wuce shekara 30 ba a yi dashen nan ba. Allah ya ba shugabanni da iyaye ikon duban al'amarin da idon adalci, ya kuma shirya zuriya baki ɗaya, amin.